Tikiti a Fuskar Waya: Abin da Ya Sauya a Ƙofar Gidajen Wasa da Gidajen Tarihi

A manyan gidajen wasan kwaikwayo na Landan, da zaurukan kiɗa na New York, da gidajen tarihi na Paris, mai zuwa kallo ya daina laluben aljihu yana neman takarda idan ya iso ƙofa. Wayarsa yake ɗagawa, ma'aikaci ya haska fuskarta da wata 'yar na'ura, na'urar ta yi ƙara, ya wuce. Abin yana faruwa cikin daƙiƙu kaɗan, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa a matsayin sauyin kaya kawai, wato an ɗauke rubutu daga takarda an mayar da shi kan gilashi. Amma a cikin wannan sauyi akwai shawarwari biyu mabambanta da ake yawan cakuɗawa. Ta farko ita ce gidan wasa ya yarda ya karɓi tikitin da aka nuna masa a waya, ta biyu kuwa ita ce ya ce ba zai karɓi komai ba sai shi. Ta farko sauƙi ce ga kowa, ta biyu kuma tana sauya wanda ke da iko da tikitin da wanda zai ɗauki asara idan abu ya lalace a bakin ƙofa.

A tsohon tsari, takardar ita ce haƙƙin. Duk wanda ya riƙe ta shi ne mai kujerar, ba a tambayarsa sunansa, ba a tambayarsa inda ya same ta. Mai tsaron ƙofa ya duba ranar da lambar kujera, ya yage takardar gida biyu, ya ba mai kallo rabi ya jefa rabi a akwati, bayan an tashi kuma a ƙirga guntayen a gwada da kuɗin da aka karɓa. Yagewar nan ita ce ke kashe tikitin, domin takardar da aka yage ba ta sake shiga. Ranar da aka fara buga lambar zane a jikin tikiti, irin layukan nan baƙaƙe da ake gani a kan kayan kanti, ma'anar tikiti ta sauya tun kafin waya ta shigo maganar. Haƙƙin ya tashi daga takardar ya koma cikin rumbun bayanan gidan wasa, takardar ta zama mai ɗauke da lamba kawai, lambar kuma tana nuni ga wani layi a cikin rajista wanda ke cewa kujera kaza ta daren kaza an biya kuɗinta kuma ba a shiga da ita ba tukuna. Kashe tikiti ya koma sauya wannan layi daga "bai shiga ba" zuwa "ya shiga". Da zarar an fahimci haka, sai a ga cewa babu bambanci na asali tsakanin lambar da aka buga a kwali, da wadda mutum ya buga a firintar gidansa, da wadda ke haskawa a wayarsa.

To, idan babu bambanci, me ya sa gidajen wasa da yawa suka shafe shekaru suna rubuta wa masu saye cewa dole su buga tikitinsu a takarda, ba za a karɓi na waya ba? Dalilin farko na na'ura ne, ba taurin kai ba. Tsofaffin na'urorin karanta lamba suna aiki da hasken leza: suna harba siririn jan haske a kan layukan, farin wuri ya dawo da hasken, baƙin wuri ya shanye shi, daga wannan bambanci na'urar ta gane lambar. Fuskar waya ba haka take ba, domin ita da kanta take fitar da haske daga ƙarƙashin gilashi mai sheƙi, saboda haka leza ba ta samun abin da za ta karanta. Sai an sayi wata irin na'ura mai kyamara a cikinta, wadda ke ɗaukar hoton lambar ta warware ta, sannan a iya karanta waya. Ga ƙaramin gidan wasa mai kujera ɗari uku wanda ke rayuwa da tallafi, sauya na'urori da manhajar sayar da tikiti kuɗi ne da za a iya kashewa a kan fitilun dandamali ko albashin 'yan wasa, don haka da yawa suka jinkirta.

Kamfanonin jiragen sama ne suka share hanya. Ƙungiyarsu ta duniya, IATA, ta daina amfani da tikitin takarda a watan Yunin 2008, sannan ta tura kamfanoni zuwa takardar shiga jirgi mai lamba murabba'i wadda waya ke iya nunawa. A 2012 kamfanin Apple ya fito da manhajar Passbook, wadda aka sauya wa suna zuwa Wallet a 2015, inda ake ajiye tikiti a cikin wayar kanta ba tare da an buɗe imel ba. Duk da haka gidajen fasaha sun ci gaba da tafiyar hawainiya har annobar korona ta rufe su, gidajen wasan Broadway na New York a ranar 12 ga Maris 2020, na Landan kuma kwanaki huɗu bayan haka. Da aka dawo, ba a son hannu ya taɓa takardar wani, ana son sanin sunan kowane mai shiga saboda bibiyar masu cutar, gidajen tarihi kuma suka koma raba baƙi bisa sa'o'i don rage cunkoso. Abin da ya gagara cikin shekara goma sai ya tabbata cikin wata goma sha takwas, kuma bayan annobar ta lafa kusan babu wanda ya koma baya. Gidan tarihi na Louvre da ke Paris, wanda ya karɓi baƙi miliyan 10.2 a 2018, ya ƙayyade masu shiga zuwa 30,000 a rana, kuma irin wannan ƙayyadewa ba ta yiwuwa sai an san adadin da aka sayar wa kowace sa'a tun kafin mutane su baro masaukinsu.

Lambar da aka fi gani a waya ita ce QR, murabba'in nan mai ɗige-ɗige baƙi da fari. Ba don tikiti aka ƙirƙire ta ba. Wani injiniya mai suna Masahiro Hara ne ya jagoranci ƙirƙirarta a 1994 a kamfanin Denso na Japan, domin bibiyar kayan gyaran mota a masana'anta, kamfanin kuma bai hana kowa amfani da ita kyauta ba, abin da ya sa ta bazu. Abubuwa biyu ne suka sa ta dace da ƙofar gidan wasa. Manyan murabba'ai uku da ke kusurwoyinta suna gaya wa na'ura ina ne sama ina ne ƙasa, don haka ko a karkace aka riƙe wayar za a karanta. Sannan an gina ta da ƙarin bayani na gyaran kuskure mai mataki huɗu, daga wanda ke jure lalacewar kusan kashi 7 cikin ɗari har zuwa wanda ke jure kusan kashi 30, wanda shi ne dalilin da ya sa waya mai tsagaggen gilashi sau da yawa takan wuce. Abin da ya fi kayar da ita ba tsaga ba ne, ƙarancin haske ne: wayar da aka rage wa haske don adana caji, ko hasken rana da ke dukan gilashi a ƙofar waje. Wannan ne ya sa manhajojin ajiye tikiti suke ƙure hasken wayar da kansu da zarar an buɗe tikitin, kuma shi ya sa kalmar da masu tsaron ƙofa suka fi maimaitawa a kowane dare ita ce a ƙara haske.

Babbar matsalar lamba ita ce ba ta da asali da kwafi. Hoton fuskar waya da aka ɗauka aka tura wa mutum goma ta WhatsApp daidai yake da na farko, ɗigo da ɗigo, babu idon da zai bambance su. Duk ɗan kasuwar da aka taɓa nuna wa alat na bogi ya san darasin: abin da mai saye ya nuna a wayarsa ba shaida ba ne, shaida ita ce abin da ya shigo asusun mai kaya. Haka yake a ƙofar gidan wasa. Ma'aikacin da ya kalli fuskar waya da ido ya ga tambarin gidan da lambar kujera ya ce a wuce, bai duba komai ba, domin tikitin yana cikin rajista, kuma na'ura ce kaɗai ke iya tambayar rajistar. Ƙa'idar da na'urar ke bi kuwa ba ta da tausayi: wanda ya fara haskawa shi ne ya shiga. Idan macuci ya sayar da hoton tikiti ɗaya ga mutum biyar, na farkon zuwa zai zauna a kujera, sauran huɗun za su ga jan haske, kuma babu abin da zai hana a ce ainihin wanda ya biya kuɗinsa ga gidan wasan yana cikin huɗun, idan ya yi gangancin ɗora hoton tikitinsa a Instagram don nuna murna.

Akwai kuma wani gibi da masu kallo ba sa gani. Yawancin na'urorin ƙofa suna sauke jerin tikitin daren tun kafin a buɗe, domin su iya aiki ko intanet ta ɗauke, sannan su riƙa sanar da juna abin da kowace ta karanta. Muddin suna magana da juna, tikitin da ya shiga ta ƙofa ta ɗaya ya mutu a ƙofa ta shida nan take. Idan sadarwa ta yanke, kowace na'ura tana aiki ne da abin da ta sani ita kaɗai, kuma lamba guda za ta iya shiga ta ƙofofi biyu kafin a gane. Tsofaffin gine-gine sun fi shan wannan wahala. Zauren Royal Albert Hall na Landan, wanda aka buɗe a 1871 kuma yake ɗaukar mutum sama da 5,000 ta ƙofofi masu yawa a kewayensa, misali ne na irin ginin da aka yi da katanga mai kauri tun kafin a san wayar salula, kuma a irin waɗannan wurare shimfiɗa sadarwar da za ta haɗa dukkan ƙofofi aiki ne mai zaman kansa. Ga mai kallo ma haka: dubban wayoyi a titi ɗaya suna neman sabis a lokaci guda, wanda bai sauke tikitinsa tun daga gida ba yakan tsaya yana kallon shafi yana juyawa.

Maganin da manyan kamfanonin tikiti suka kawo wa matsalar hoto shi ne lamba mai sauyawa. Ticketmaster ya fito da tsarin SafeTix a 2019, inda lambar ke sabunta kanta kowace daƙiƙa 15, kamfanin AXS kuma, wanda ke sayar da tikitin zauren O2 na Landan mai ɗaukar mutum 20,000, nasa yana sauyawa kowace daƙiƙa 59. Dabarar ita ce wadda ake amfani da ita a 'yar na'urar banki mai fito da sabbin lambobi: ana ajiye wani mabuɗin sirri a cikin wayar, a haɗa shi da lokacin agogo a fitar da lamba, na'urar ƙofa ita ma ta yi lissafin ta gwada. Hoton da aka ɗauka minti biyu da suka wuce ya riga ya mutu. Kamfanin DICE, wanda aka kafa a Landan a 2014, ya bi wata hanya, yana ɗaure tikiti da lambar wayar mai saye kuma ba ya bayyana lambar shiga sai wasa ya kusa. Wasu wuraren sun bar lamba gaba ɗaya sun koma tsarin NFC, inda ake kara wayar a jikin na'ura kamar katin banki, babu hoton da za a ɗauka. Sai dai kowane ƙulli da mai kwance shi. A 2024 wani masanin kwamfuta ya wallafa yadda tsarin SafeTix ke aiki, ya nuna cewa wanda ya ciro mabuɗin sirrin daga burauza zai iya samar da lambobin da kansa, rahotanni kuma suka nuna cewa dillalai sun riga sun daɗe suna yin haka suna sayar da tikitin da aka ce ba ya canza hannu.

A nan ne maganar ta tashi daga fasaha ta koma ta iko. Hujjar kamfanoni ita ce yaƙi da 'yan cuwa-cuwa masu saye da yawa su sayar da tsada, kuma hujja ce ta gaskiya, domin matsalar ta kai har majalisu sun yi mata doka: Faransa ta haramta sana'ar sake sayar da tikiti ba da izinin mai shirya wasa ba tun 2012, da tarar yuro 15,000, Amurka ta haramta amfani da manhajojin wawure tikiti a 2016, Ayalan ta hana sayarwa sama da farashin asali a 2021. Amma lambar da ba ta rayuwa sai a cikin manhajar kamfani tana nufin cewa mai tikiti ba zai iya ba wa ƙaninsa ko ya sayar wa maƙwabcinsa ba sai ta hannun kamfanin, bisa sharuɗɗan kamfanin, sau da yawa kuma a kasuwar sake sayarwa ta kamfanin inda yake sake yankar kamasho. Lokacin da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi da dama suka maka Live Nation, uwar kamfanin Ticketmaster, a kotu a watan Mayun 2024 bisa zargin kane-kane a kasuwa, tsarin SafeTix yana cikin abubuwan da ƙarar ta ambata a matsayin hanyar takura abokan gasa. Jihar New York ta hango wannan tun 2010, inda ta hana mai shirya wasa sayar da tikitin da ba ya canza hannu sai ya ba mai saye zaɓin wanda zai iya miƙa wa wani ba tare da neman izini ba. A ganina wannan doka ta kama bakin zaren fiye da yawancin muhawarar da ake yi, domin ba ta hana sabuwar fasaha ba, zaɓi kawai ta tsare.

Sai kuma bayanai. A tsarin takarda, idan mutum ya sayi tikiti shida, gidan wasa ya san mutum ɗaya, sauran biyar baƙi ne da suka zo suka tafi. A tsarin da ke tilasta tura wa kowa nasa ta manhaja, kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin sai ya buɗe asusu ya ba da suna da imel da lambar waya. Kamfanoni ba sa ɓoye cewa wannan riba ce a gare su, suna tallata ta ga gidajen wasa da sunan sanin masu kallo. Akwai amfanin da ba a musu, kamar iya sanar da kowa idan an soke wasa ko an sauya ƙofa. Akwai kuma kasada, domin rumbun da ya tara bayanan miliyoyin mutane abin hari ne: hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci reshen Ticketmaster na ƙasar tarar fam miliyan 1.25 a 2020 saboda kutsen da aka yi masa a 2018, kuma kamfanin ya sake tabbatar da wani kutsen a 2024.

Duk waɗannan ana iya tattauna su a ofis cikin natsuwa, amma ƙofa lissafin daƙiƙu take yi. A ɗauki misalin zaure mai kujera 2,000 inda mutum 1,200 suka iso a minti ashirin na ƙarshe, kamar yadda masu kallo suka saba, ga masu duba tikiti shida. Kowane ɗaya zai duba mutum 200 cikin daƙiƙa 1,200, wato daƙiƙa shida ga kowane mutum. Idan komai ya tafi daidai, haska waya ba ta cin haka. Amma idan neman imel, da manta kalmar sirri, da ƙara haske, da zazzage tikiti huɗu ɗaya bayan ɗaya a waya guda suka ɗaga matsakaicin zuwa daƙiƙa goma, to lokacin da za a ɗaga labule kowane ma'aikaci mutum 120 kawai ya shigar, mutum 480 suna waje. A filin ƙwallo wanda ya makara zai rasa mintunan farko ne kawai. A gidan wasan kwaikwayo ko na opera, wato wasan da ake yi cikin waƙa, ba a barin wanda ya makara ya shiga sai an sami gaɓar da ta dace, wani lokaci sai hutun tsakiya, don haka jinkirin minti biyar a ƙofa yana iya cinye rabin abin da mutum ya biya. Gidajen da suka ƙware a wannan sun gane cewa maganin ba ƙarin na'ura ba ne. Suna sa ma'aikaci yana bin layi yana cewa a buɗe tikiti tun kafin a iso, kuma suna janye duk wanda wayarsa ta ba da matsala zuwa wani teburi a gefe, don kada mutum ɗaya ya tsare ɗari.

Inda ƙofa ta gaza, abin yakan wuce asarar kallo. A daren 15 ga Disamba 2022, a zauren O2 Academy da ke unguwar Brixton a Landan, turmutsitsi ya auku a ƙofa yayin wasan mawaƙin Nijeriya Asake, lokacin da taro mai yawa ya yi ƙoƙarin kutsawa ciki, mutum biyu suka rasa rayukansu, ɗaya mai kallo ɗaya ma'aikacin tsaro. Ƙaramar hukumar Lambeth ta dakatar da lasisin zauren, ba a sake buɗe shi ba sai a watan Afrilun 2024 bisa sharuɗɗa 77. Wani bincike da BBC ta watsa bayan lamarin ya kawo zargin cewa wasu masu gadi a wurin sun saba karɓar kuɗi su shigar da marasa tikiti, har da yin kamar sun haska wayar alhali ba su haska ba. Ko mene ne gaskiyar wannan zargi, yana nuna iyakar fasaha ƙarara, domin lamba mai sauyawa kowace daƙiƙa 15 ba ta da wani amfani idan hannun da ke riƙe da na'urar bai danna ba. Abin da ke kare gida daga wannan shi ne a riƙa gwada adadin da na'urori suka ƙirga da adadin kawunan da suka wuce ƙofa, aikin da tsohon akwatin guntayen tikiti yake yi.

Masu goyon bayan tilasta waya sukan kawo abin da ya faru a filin Stade de France a ranar 28 ga Mayu 2022, a wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai, inda hukumomin Faransa suka ɗora laifin cunkoson a kan jabun tikitin takarda har suka ambaci dubu talatin zuwa arba'in. Binciken mai zaman kansa da aka fitar a Fabrairun 2023 ya yi watsi da wannan adadi, jabun da na'urori suka kama ba su kai dubu uku ba, kuma ya ɗora babban alhakin a kan hukumar UEFA da rashin tsara hanyoyin shiga. Takarda ta sha zargin da ba nata ba ne.

Waɗanda tilastawa ke bari a baya ba 'yan kaɗan ba ne, kuma abin takaicin shi ne su ne ginshiƙin gidajen fasaha. Binciken cibiyar Pew na 2021 ya nuna cewa a Amurka kashi 96 cikin ɗari na masu shekara 18 zuwa 29 suna da babbar waya, amma a cikin masu shekara 65 zuwa sama kashi 61 ne kawai. Adadin ya ƙaru tun daga lokacin, sai dai mallakar waya daban, iya sauke manhaja da buɗe asusu da karɓar tikitin da jika ya turo daban, kuma dattawa su ne suka fi cika kujerun kiɗan gargajiyar Turai da wasan rana. Ga makaho da manhajar ba ta aiki da tsarin wayar da ke karanta masa rubutu da murya, ga mai rawar hannu da ba ya iya tsayar da waya a gaban na'ura, ga malamin da ya kawo ɗalibai talatin da ba a ba su waya ba, ga baƙo daga wata ƙasa wanda layinsa ba ya aiki ko kuma manhajar ba ta samuwa a rumbun manhajojin ƙasarsa. Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 da dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 sun wajabta wa wuraren jama'a yin sassaucin da ya dace ga masu naƙasa, shi ya sa ko wuraren da ke rubuta "waya kaɗai" da manyan baƙaƙe sukan ajiye wata hanyar. Matsalar ita ce sukan ɓoye ta a can ƙasan shafin tambayoyi, inda wanda ya fi buƙatarta ba zai taɓa gani ba. Wani abin dariya ma shi ne wasu masu wasa suna sa a kulle wayoyin masu kallo a cikin jakar kamfanin Yondr don hana ɗaukar bidiyo, sai ya zama an tilasta wa mutum zuwa da waya don ya shiga, an kuma kulle ta taku biyar bayan ƙofa, dole a rubuta masa lambar kujerarsa a guntuwar takarda.

Mai karatu a Nijeriya ya ga ɓangaren wannan labari a wani fagen. Lokacin da aka fara sayar da tikitin jirgin ƙasa na Abuja zuwa Kaduna ta intanet a Janairun 2021, manufar ita ce kawar da masu cuwa-cuwar tikiti a tashoshin Idu da Rigasa, kuma tambayoyin da suka biyo baya su ne dai waɗannan: wa ke riƙe da na'urar, me zai faru idan sabis ya ɗauke, ina mai ƙaramar waya zai nufa. Gidajen sinima da masu shirya bukukuwan kiɗa a Legas da Abuja da Kano da ke karɓar tikitin waya suna aiki ne a inda wuta da sabis ba su da tabbas kamar na Landan, don haka tanadin ranar lalacewa ya fi zama wajibi a kansu.

Ranar lalacewa kuwa tana zuwa ko a ƙasashen da suka ci gaba. A ranar 19 ga Yuli 2024 kuskure guda a sabunta manhajar kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya, har wasu filayen jiragen sama suka koma rubuta takardar shiga jirgi da biro. Tun da haƙƙin mai kallo yana cikin rajista ne ba cikin wayarsa ba, mutuwar batir bai kamata ta hana shi shiga ba: tagar sayar da tikiti tana iya nemo shi da sunansa da katin da ya biya da shi ko katin shaida, ta soke tsohuwar lambar, ta buga masa sabuwa a take. Wannan yana buƙatar abubuwa uku da ke cin kuɗi, wato taga a buɗe har bayan fara wasa, ma'aikaci mai ikon yanke hukunci ba sai ya kira kamfanin tikiti a waya ba, da jerin sunaye da kujeru da aka buga a takarda aka ajiye tun da yamma. Gidaje da yawa sun yi amfani da tikitin waya a matsayin hujjar rage ma'aikatan taga, wasu kuma suna cajin kuɗin sake bugawa, wato suna sayar wa mutum maganin matsalar da tsarinsu ya haifar. A sharuɗɗan sayarwa na irin waɗannan wurare akan rubuta cewa cajin waya da sauke tikiti alhakin mai saye ne, amma da wuya a ga layin da ya faɗi abin da gidan zai yi idan na'urarsa ce ta mutu alhali mai kallo yana tsaye da tikitinsa a buɗe.